Tambayoyinku: Ana Iya Cin Abinci da Son Tsofaffin Motoci?

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk hanya ɗaya suka bi: masu sha'awar motocin da, wasu na neman sana'a a cikinsu, wasu kuma na neman yadda za su haɗa sha'awar da aikin da suke yi. Mun taƙaita tambayoyin saboda wuri.

Assalamu alaikum. Shekaruna 19, na gama sakandare. Tun ina yaro nake son tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da Mercedes na da. Mahaifina ya ce wannan sha'awa ce kawai, ba ta ciyar da gida. Akwai masu rayuwa da ita? In akwai, ta ina zan fara? — Wani matashi

Wa alaikumus salam, samari. Kada ka yi saurin musa wa Baba, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Yawancin masu tsofaffin motoci da wani aikin suke riƙe gidajensu: malamai, injiniyoyi, 'yan kasuwa, 'yan fansho. Motar ce ke cin aljihunsu. Masu samun abinci a harkar su ne waɗanda ke yi wa waɗancan aiki, kuma kusan kowannensu akwai abu guda da hannunsa ya faɗa a kai.

Fara da sanin abin da ake nufi da motar tarihi. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don haɗa kan ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na duniya, ta ce sai mota ta kai shekara 30, an adana ta a kan kamanninta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Jamus ma shekara 30 take bi kafin ta ba mota lambar tarihi mai harafin H. Birtaniya kuwa sai mota ta kai 40 ake ɗauke mata harajin hanya. Ma'anar wannan a wurinka ita ce kowace shekara sababbin motoci na shiga sahu. Mercedes W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, ta daɗe da shiga, yanzu kuma motocin shekarun 1990 ne ke shigowa da 'yan akwatunan lantarkinsu da ba kowa ya iya gyarawa ba.

Sana'o'in suna da yawa. Akwai mai ƙera bodi da walda, mai haɗa injin da giya, mai wayarin, mai ɗinkin kushin, mai fenti, mai wankin kurom, mai gyaran agogunan gaban direba, har da kafinta, tunda motoci irin su Morgan da Morris Minor Traveller akwai katako a jikinsu. Bayan masu aikin hannu akwai masu sayar da kayan gyara, masu tantance ƙimar mota don inshora, ma'aikatan kamfanonin gwanjo irin su Bonhams da RM Sotheby's, masu ajiyar motoci da jigilarsu, da ma'aikatan gidajen tarihi.

In shawararmu kake nema, koyi sarrafa ƙarfen bodi. Mai gyaran bodin motar zamani yakan cire ƙofa ko fenda ya ɗaura wata. A tsohuwar mota sau da yawa babu watan da za a ɗaura. Akwai 'yan motocin da suka yi sa'a: kamfanin British Motor Heritage har yanzu yana buga bodin MGB da Mini da injinan buga ƙarfe na asali, kayan Volkswagen Beetle ma ba sa wuya, tunda an ƙera sama da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003. Amma ɗaruruwan nau'o'i, idan tsatsa ta cinye wuri, sai dai a yanko falankin ƙarfe a lanƙwasa shi da guduma da injin murza ƙarfe har ya ɗauki siffa. Masu wannan hannu ba su da yawa, kuma da dama cikinsu sun manyanta.

Matakin farko: ka samu gareji na yau da kullum ka yi shekara biyu zuwa uku, ko da ba sa taɓa tsohuwar mota, domin kwance noti mai tsatsa ba tare da ka karya shi ba ilimi ne da sai an yi ta yi. A gefe ka riƙa gwajin walda. Samo ƙarfe mai kaurin milimita 1, ka yanka gida biyu, ka jera su baki da baki da 'yar tazara kaɗan, ka ɗiɗɗiga walda nan da can kana barin wurin ya huce, har ɗigon ya haɗe. Goge shi, sannan ka juya bayan. Idan waldar ba ta ratsa ba, ko falankin ya karkace kamar ganyen da ya sha rana, sake wani. Ka ɗauki hoton kowane aikin da ka yi, kafin da bayan. Ranar da za ka nemi gurbi a garejin tsofaffin motoci, hotunan nan ne maigidan zai fara tambaya.

Shekara 12 nake kanikancin motocin zamani, ina da na'urar binciken kwamfuta. Kwanan nan aka fara kawo mini motoci masu kafireta, kuma gaskiya ina lalube ne. Me ya kamata in sani? — Wani bakanike

Malam, faɗar gaskiyar nan da ka yi ita ce rabin gyara. Tsohuwar mota ba ta da inda za ka jona na'ura ta gaya maka ciwonta, don haka awo da kunne za su maye gurbin kwamfuta. Ka tanadi ma'aunin matsin silinda, fila gej na auna tazara, fitilar taimin, mitar auna wuta, da sifanar auna ƙarfin ɗauri. Ka kuma nemi littafin gyara na ainihin motar, domin kowace da adadinta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da juya sukurorin kafireta. Ita ce ta ƙarshe a layi. Fara da matsin silinda: bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata cokalin bakin mai ta ramin filogi ka sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne ya ci. In bai motsa ba, duba bawul ko gaskit. Daga nan sai tazarar bawul, sai tazarar kwantak, sai taimin, sannan kafireta. Dalilin wannan jeri shi ne duk lokacin da ka taɓa tazarar kwantak, taimin ya gusa, kuma kafiretar da aka saita a kan taimin da bai daidaita ba aikin banza ce.

Ɗauki Beetle mai injin lita 1.6 a matsayin misali. Tazarar bawul milimita 0.15 ce, kuma sai injin ya yi sanyi ƙalau ake saitawa. Tazarar kwantak milimita 0.4. Jerin tashin wuta 1-4-3-2. Bakin mai lita 2.5 kacal take sha, ba ta da matatar mai irin ta zamani sai 'yar raga, shi ya sa ake juye mata kowane kilomita 5,000. Iska ce ke sanyaya injin, saboda haka duk wani gwangwanin da ke kewaye da shi, da robar da ta rufe tsakanin injin da bodi, suna da aiki. Bakaniken da ya ga sun dame shi ya jefar da su ya sa injin shaƙar iskar da ya riga ya ɗumama, kuma bawul ɗin hayaƙi ne zai fara biyan bashin.

Wajen wuta akwai tarkuna uku. Yawancin Beetle na kafin 1967 batirinsu bolt 6 ne. Motocin Ingila da yawa, har tsakiyar shekarun 1960, kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, akasin abin da ka saba. Ka duba kafin ka ɗaura waya. Na uku shi ne kwayil: akwai mai om 3 da ake jonawa kai tsaye, akwai mai kusan om 1.5 da ke buƙatar rizisto a gabansa. Ka ɗaura na biyun babu rizisto, sai ka ga kwantak na ƙonewa kowane 'yan makonni kana zargin kwandansa.

Sai mai. An ƙera injinan nan lokacin da fetur ke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul. An daina sayar da irin wannan fetur na mota a duk duniya a 2021, a ƙasashe da yawa ma tun kafin nan da shekaru. A injin da kansa ƙarfen zubi ne, bawul ɗin hayaƙi yakan riƙa nitsewa cikin mazauninsa idan ana doguwar tafiya da gudu. Alamarsa ita ce tazarar bawul ta riƙa raguwa duk lokacin da ka auna. Maganin dindindin shi ne a kai kan injin wurin masu injin yanka ƙarfe su dasa mazauni mai tauri. Fetur mai itanol kuma yana cin tsohuwar tiyo da fatar famfon mai, yana kuma jawo ruwa cikin tanki idan mota ta daɗe a ajiye. Canza tiyo da mai lambar SAE J30 R9. A bakin mai, injinan da suka tsufa sun fi son mai kauri irin 20W-50 mai isasshen sinadarin tutiya da ake kira ZDDP, saboda tafet ɗinsu shafaffe ne, gogar kamshaf yake yi kai tsaye. Idan ka sa sabon kamshaf, tashin farko ka riƙe injin a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20. Barin sa yana sulo a wannan lokaci yakan cinye kamshaf ɗin tun ranar farko.

Abu biyu na ƙarshe. Idan sifanarka ta ƙi zama a kan notin tsohuwar motar Ingila, ba ta milimita ba, ba ta inci ba, to ma'aunin Whitworth ne, ka nemi nasa sifanonin kada ka murje kan notin. Sannan kafin ka ƙara man birki, karanta murfin. Citroën DS daga 1966 koren mai na LHM take sha, kuma man birki na gama-gari zai lalata duk robobin da ke cikin tsarin.

Ma'aikacin ofis ne ni. Na sayi Peugeot 504 da ta yi shekara 15 a ajiye. Ƙarshen mako kawai nake da shi. Abokina ya ce mu wargaza ta gaba ɗaya mu fara daga tushe. Me kuka gani? — Mai karatu

Yallaɓai, yi lissafi kafin ka ɗauki sifana. Cikakken gyara, daga tsurar ƙarfe zuwa hawa titi, yakan haura awa 1,000 ko a hannun ƙwararru. Idan kana samun awa 6 a mako, a shekara awa 300 ke nan, in babu rashin lafiya, babu baƙi, babu aikin ofis da ya biyo ka gida. Awa 1,200 shekara huɗu ce. Wargaza mota kwana uku ne, kuma shi ne sashen da ya fi daɗi, shi ya sa duniya ta cika da motocin da ke cikin kwalaye ana neman mai saye. Abokin nan naka, tambaye shi ko zai zo a shekara ta uku.

Ga mai aikin albashi, abin da ya fi shi ne gyara ana hawa. Fara da tayar da injin, amma kada ka murɗa makulli. Cire filogogi, zuba cokalin bakin mai a kowace silinda, bar shi kwana biyu ko uku, sannan ka juya injin da hannu ta notin fulin karanshaf. Idan ya zagaya sau biyu babu cijewa, juye tsohon bakin mai, canza matata, cire tiyon da ke zuwa daga tanki ka ba kafireta sabon fetur daga wani galan, domin abin da ke cikin tankin ya zama kamar danƙo. Yi ta ba shi kik babu filogi har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da filogogi ka tayar.

Da ya tashi, kashe shi ka koma kan birki, tun kafin zumuɗi ya fitar da kai titi. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar ruwa daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Bayan shekara 15 ka ɗauka cewa silindojin birki sun yi tsatsa a ciki, tiyoyin roba kuma sun kumbura. A canza su duka. Tayoyi ma haka, ko da zanensu na nan: lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako ne da shekara, 2309 na nufin mako na 23 a 2009, kuma tayar da ta haura shekara 10 ba abin dogaro ba ce. Daga nan sai sitiyari, lagireto da tiyoyinsa, sai wayoyi. Fenti shi ne na ƙarshe, duk da shi ne ido ya fi so.

Ka ware aiki ƙanana da za su ƙare a zama ɗaya ko biyu. Duk abin da ka kwance, ɗauki hotonsa kafin, ka zuba notinansa a leda ka rubuta sunan wurin. Abin da ya shafi yanka silinda, goge karanshaf, waldar shasi da feshin fenti, ka biya masu shi. Kuma ka yanke wa motar kasonta na wata daga albashi, uwargida ta san adadin.

Ni tela ce, shekara tara ina ɗinkin labule da rigunan kujeru. An ce masu tsofaffin motoci na neman masu ɗinkin kushin. Keken da nake da shi zai yi? — Wata mai karatu

Malama, kin fi yawancin masu shiga harkar kusa da abinci, domin kin riga kin iya fitar da fatun da daidaita layi. Keken ne dai ba zai yi ba. Ana buƙatar na masana'anta mai ƙafa mai tafiya, wanda ke jan sama da ƙasan abin ɗinki tare. Keke na gama-gari yakan ja na ƙasa ya bar na sama, sai a kai ƙarshen layi a tarar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Zaren nailan ko foliyesta mai ƙarfi za ki yi amfani da shi, foliyesta ya fi jure rana. Tsawon ɗinki ya kai milimita 5 ko kusa da haka, don idan ramukan suka matsu da juna fata takan yage a kan layin kamar takardar rasit. Ki tuna kuma ramin allura a fata ba ya rufewa, babu farkewa a sake. Ki yi gwaji da ledar kushin mai araha tukuna.

Tsohuwar rigar kujera, komai yagewarta, ita ce fatun ɗinki. Kafin ki farke ta, ja layukan alama a kan kowace mahaɗa, ki sa wa kowane ƙyalle lamba, sannan ki farke zaren, kada ki yanka. Ki lura fatar ta miƙe a wasu wurare ta kuma ƙanƙance a wasu, don haka kujerar fasinja, wadda ba ta sha zama sosai ba, ta fi ba da siffa ta gaskiya. Matsalar da ta fi kunyata sababbin shiga ba a ɗinkin take ba: sabuwar riga a kan mataccen ciki ba ta taɓa zama daidai. Tsofaffin Mercedes da Volkswagen ba soso ne a cikinsu ba, wani matashi ne na zaren kwakwa ko gashi da aka haɗe da roba a kan sifirin, kuma idan kin ga gari mai ruwan ƙasa a ƙarƙashin kujera, shi ne ya ruɓe. A canza shi, a gyara karyayyen sifirin, sannan a sa riga.

Rufin ciki na sama yana rataye ne a kan sandunan ƙarfe masu lanƙwasa, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Sa musu lamba daga gaba zuwa baya kafin ki zare. Gam ɗin ya zama mai jure zafi, in ba haka ba rana ɗaya a waje ta isa ya saki. Sai kuma sanin kayan asali. Mercedes da yawa da ake zaton fata ce a cikinsu, wata leda ce mai suna MB-Tex, kuma mai motar da ya san abinsa zai duba yawan layukan kushin da zanen ledar kafin ya duba kyan ɗinkinki.

Dole ne sai an yi karatun jami'a? — Wani ɗalibi

Ba dole ba ne, yawancin ƙwararru a gareji suka koya. Amma akwai makarantu. Kwalejin McPherson da ke jihar Kansas ta Amurka tana ba da digiri na shekara huɗu a kan gyaran tsofaffin motoci, kuma a 2023 wata Mercedes 300 S ta 1953 da ɗalibanta suka gyara ta zo ta biyu a ajinta a gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya, gasar da ake yi tun 1950. Kamfanonin ƙera motoci ma suna da sassan tsofaffin motocinsu da ke ɗaukar ma'aikata: Mercedes ta buɗe nata a Fellbach a 1993, Ferrari Classiche ya fara a 2006, Jaguar Land Rover ta buɗe nata a Coventry a 2017. Abin da ba ka da makawa a kansa shi ne iya karanta littafin gyara da zanen wayarin, da lissafin juya inci zuwa milimita.

Ina da garejin walda da fenti. Na yanka wa wani mutum kuɗin gyaran tsohuwar Land Cruiser, da muka kankare fenti sai muka tarar rabin ƙasan fila ce da tsatsa. Na ce a ƙara kuɗi, ya ce na cuce shi. Motar wata takwas ke nan ta tare mini wuri. — Mai gareji

Maigida, ba cuta ka yi ba, amma kuskuren naka ne: ka yi cinikin biri a sama. Tsatsa daga ciki take fitowa, inda ruwa da laka ke kwanciya, a dokin ƙofa, ƙasan ginshiƙai, bakin gilashi da mahaɗar falankai. Ɗan ƙurjin da ka gani a fenti yakan zama rami mai faɗin tafin hannu idan aka kankare. Garejin da suka daɗe a wannan harka ba sa yanka kuɗin aikin bodi sai sun ga tsurar ƙarfe.

A gaba ka raba aikin mataki-mataki, kowanne da kuɗinsa a rubuce. Na farko kwancewa da kankarewa, wannan za ka iya yanka masa farashi. Bayansa ka kira mai motar ya gani da idonsa, ku zagaya tare da alli kuna zana duk inda za a yanke, sannan ka ba shi ƙiyasin awoyi, daga kaza zuwa kaza. Ku kuma rubuta irin aikin da yake so: motar hawa mai tsabta, ko ta shiga gasa, domin awoyin na biyun sukan ninka na farko. Kuɗin kayan gyara daban, a biya kafin a saya. Kowane yaro ya rubuta awoyinsa kullum da abin da ya yi, ka tura wa mai motar hotuna duk mako. A takardar ka sa sharaɗin kuɗin ajiya idan aiki ya tsaya saboda shi. Wajen lissafin awa, kada ka raba kuɗin haya da albashi a kan awa 8 a rana; neman kaya, waya, shara da gyaran kuskure sukan cinye biyu ko uku, kuma babu mai biyan ka su. Kada kuma ka cika garejin da manyan ayyuka; ƙananan gyare-gyare na kwana ɗaya ko biyu su ne ke biyan albashi a ƙarshen wata.

Wannan motar kuwa, ka kira shi tare da wani ma'abocin sana'ar da ku duka kuka yarda da shi, a nuna masa ramukan, a ba shi zaɓi: a ci gaba a kan sabon ƙiyasi, ko ya biya aikin da aka yi ya ɗauki motarsa. Idan an ci gaba, kafin ka yanke dokin ƙofa ko daɓe, ka yi wa bakin ƙofofin tokara da ƙarfe, in ba haka ba bodin zai lotsa, ƙofa ta ƙi rufuwa bayan ka gama. Yanka har sai ka kai ƙarfe mai haske. Faci ya zama kauri ɗaya da na asali, galibi milimita 0.8 zuwa 1.2, a haɗa baki da baki. Ɗora wani a kan wani yana barin aljihun da ruwa zai zauna. Da wayar injin walda na MIG mai milimita 0.6 ka riƙa ɗigawa kana tsallakawa. Bayan gogewa sai firaimar ifoksi a kan tsurar ƙarfen, fila kada ta wuce milimita 3, a ƙarshe a fesa kakin hana tsatsa a cikin duk wani kogo, tunda bayan waldar da ba a gani shi ne ke fara ci.

Ina so in riƙa saye ina gyarawa ina sayarwa. Akwai riba? — Wani dillali

Alhaji, a motocin gama-gari kuɗin cikakken gyara yakan zarce abin da motar za ta yi a kasuwa, musamman idan biyan wasu kake su yi. Dillalan da suka daɗe a wajen saye suke cin ribarsu: su samo mota mai lafiyayyen bodi, su gyara birki da injin, su wanke ta, su sayar. Don haka jarinka ido ne. Ka riƙe maganaɗisu, wanda ba ya mannewa inda fila ta yi kauri, da na'urar auna kaurin fenti. Fentin kamfani yakan kasance tsakanin maikiron 100 zuwa 150 ko kusa da haka (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya). Idan na'urar ta haura 500, mai yiwuwa akwai fila a ƙasa. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam, saboda haka a Land Rover ba zai gaya maka komai a bodi ba, shasi da bangon gaban direba za ka duba, da duk inda alminiyam ya taɓa ƙarfe. Gwada lambar shasi da ta injin da abin da ke cikin takardu, ka lura ko an goge wurin an sake bugawa.

Kada ka yi gaggawar fenti. Tun bayan Yarjejeniyar Turin da FIVA ta fitar a kan adana motocin tarihi, wadda ta fara aiki a 2013, ana ƙara daraja motar da ke da fentinta da kushinta na asali, ko da sun koɗe. Mai saye na iya sake fenti duk ranar da ya so, amma ba zai iya dawo da wanda ka kankare ba. Tsofaffin rasit da littafin sabis da ka tarar a cikin motar, kada ka zubar da ko ɗaya.

Mijina yana wannan aiki shekara 20, yanzu tari ya dame shi, ƙirjinsa na kama shi da dare bayan ya yi fenti. Aikin ne? — Wata uwargida

Uwargida, ya je asibiti cikin makon nan, ya kuma gaya wa likita ainihin abin da yake fesawa, in da hali ya tafi da gwangwanin. Fentin da ake haɗawa da hadina, ruwan da ke sa shi tauri, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, sanannen mai haddasa asma ga masu fenti, kuma kamun ƙirjin yakan zo ne awoyi bayan an tashi aiki, kamar yadda kika faɗa. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi sinadarin, ɗan kaɗan ma yana tayar masa, don haka ya dakata da feshi har likita ya gan shi. Takunkumin takarda ba ya tare shi; ana buƙatar wanda ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, da ɗakin feshi mai fitar da iska waje.

Ba fenti kaɗai ba ne. Tsofaffin takalman birki, farantin kuloci da gaskit suna iya ɗauke da asbesto, mai jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Kada a hure ƙurarsu da iska, a jiƙa ta a goge da tsumma a ƙulle a leda. Mahaɗun bodin motocin da an cike su ne da dalma, tsohon fenti ma yana iya ƙunsar ta, don haka goge su da injin yana tayar da ƙurar da ke shiga jini. Ya wanke hannu kafin ya kai komai baki, kuma kayan aikinsa kada a haɗa su da na yara wajen wanki. Walda a kan ƙarfe mai rufin tutiya tana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Feshin wanke birki mai kulorin, idan zafin walda ya taɓa shi, yakan koma iskar fosjin mai kisa, saboda haka kada a goge wurin da za a yi walda da shi. Idan zai je asibitin, ya rubuta jerin waɗannan abubuwa da yawan shekarun da ya yi yana hulɗa da kowanne, ya nemi a yi masa gwajin numfashi da na dalma a jini.